Katsushika Hokusai (1760–1849): Rayuwar Mai Zanen Almarun Japan

1.0 Gabatarwa

Kowace al'umma tana da hanyoyin da take bi wajen adana almarunta da miƙa su ga 'yan baya. Wasu sun dogara da baka, wasu da rubutu, wasu kuwa sun haɗa da zane. Japanawa suna cikin waɗanda suka haɗa ukun. Tun a shekarar 712 aka tattara labaran asalin ƙasarsu da na abubuwan bautarsu a littafin Kojiki, aka kuma biyo shi da Nihon Shoki a 720. Duk da haka, talakan birni ya fi sanin jarumai da dodanni da fatalwowin ƙasarsa ta bakin masu ba da labari, da dandalin wasan kwaikwayo, da kuma hotunan da ake ratayewa ko mannawa a bangon gida.

Wannan babi zai kawo tarihin rayuwar Katsushika Hokusai, wanda ya fi kowane mai zane na Japan shahara a duniya. Za a bi rayuwarsa ne ta fuskar zanen almara, domin a ga cewa hoton da ke bangon gidan Bajapane na wancan zamani yana da labarin da yake ɗauke da shi, yana kuma da aikin da aka rataye shi ya yi.

2.0 Zamanin da Ya Taso a Ciki

An haifi Hokusai a shekarar 1760 a unguwar Honjo da ke gabashin kogin Sumida, a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo. A lokacin, mulkin ƙasar yana hannun shugabannin soja na gidan Tokugawa, waɗanda ake wa laƙabi da shogun, kuma sun riƙe ƙasar daga 1603 zuwa 1868. Sun taƙaita hulɗa da ƙasashen waje ƙwarai, ta yadda daga cikin Turawa mutanen Holan ne kaɗai aka yarje wa yin fatauci, su ma a tashar jiragen ruwa ta Nagasaki. Zaman lafiya ya daɗe, kasuwanci ya bunƙasa, mutanen Edo suka kai kimanin miliyan ɗaya, kuma da yawa daga cikinsu sun iya karatu.

A gidajen masu hali akwai wani ɗan lungu a bangon ɗakin baƙi, wanda ake kira tokonoma. Nan ake rataye zanen hannu da aka yi a kan siliki ko takarda, irin wanda ake naɗewa a ajiye, kuma ana sauya shi gwargwadon yanayin shekara ko bikin da ya kama. Talaka kuwa hoton bugu yake saye, wanda ake kira ukiyo-e, ya manna shi a bango ko ginshiƙi ko ƙyauren takarda, ko ya adana shi a cikin kundi. Farashin irin wannan hoto bai wuce kuɗin kwano ɗaya ko biyu na taliya ba. Waɗannan kasuwanni biyu, ta masu hali da ta talakawa, su ne Hokusai ya yi wa aiki har ƙarshen rayuwarsa.

3.0 Ƙuruciya da Koyon Sana'a

Sunansa na yanka Tokitaro. Ya taso a gidan Nakajima Ise, mai sana'ar madubi da ke yi wa fadar shogun aiki. Shi da kansa ya bayyana cewa ya fara zane tun yana ɗan shekara 6. Yana yaro ya yi aiki a shagon da ake ba da hayar littattafai, inda ya saba da littattafan hikaya masu hotuna. Da ya kai kimanin shekara 14 sai ya shiga koyon sassaƙar allunan katako da ake buga hotuna da su.

Wannan horo yana da muhimmanci, domin hoton bugu aikin mutum huɗu ne. Mai maɗaba'a shi ke zuba jari ya zaɓi batun da zai karɓu a kasuwa. Mai zane ya zana hoton da baƙar tawada a kan siririyar takarda. Masassaƙi ya kifa takardar a kan allon itacen ceri, ya manna ta, ya sassaƙe duk inda babu layi, wato zanen asali yakan salwanta a wajen aikin. Daga nan sai a sassaƙa allo dabam domin kowane launi, tare da wata 'yar alama a gefe wadda ke sa takarda ta zauna daidai a kan kowane allo. A ƙarshe mai bugu ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifan hannu. Wanda ya taɓa riƙe wuƙar sassaƙa ya san irin layin da katako zai iya ɗauka, kuma ana ganin wannan sani a ayyukan Hokusai.

A shekarar 1778 ya shiga gidan koyon zane na Katsukawa Shunsho, wanda ya yi fice wajen zana 'yan wasan kwaikwayon kabuki. A 1779 hotunansa na farko suka fito da sunan Shunro. Bayan rasuwar malaminsa a 1793 sai ya rabu da wannan gida, ya shiga nazarin salon zanen Sin da na tsoffin makarantun Japan, da kuma hotunan Turai da ke shigowa ta Nagasaki. Wajen 1798 ya ɗauki sunan Hokusai, wanda ke nufin ɗakin aiki na arewa, saboda girmamawar da yake yi wa Myoken, abin bautar da mabiya addinin Buddha na Japan suke dangantawa da tauraron arewa. Ya yi amfani da sunaye fiye da 30 a rayuwarsa, kuma yakan sauya suna ne idan ya shiga sabon mataki na aiki.

4.0 Zanen Littattafan Hikaya

Matakin da ya kafa sunansa a fagen almara shi ne haɗin gwiwarsa da marubuci Kyokutei Bakin. Daga 1807 zuwa 1811 suka fitar da doguwar hikaya mai suna Chinsetsu Yumiharizuki, wadda ta ginu a kan Minamoto no Tametomo, wani gwanin harbin baka na ƙarni na 12. A tarihi, an kore Tametomo zuwa wani tsibiri bayan ɓangarensa ya sha kaye a yaƙin 1156. A hikayar kuwa, ya tsira ya ƙetare teku zuwa tsibiran Ryukyu, yana karawa da bokaye da dodannin ruwa. Hokusai ya cika shafukan da guguwa da walƙiya da raƙuman ruwa, duk da baƙar tawada kawai.

Tametomo yana da wani matsayi a gidajen jama'a bayan na nishaɗi. Cutar agana tana kashe yara da yawa a lokacin, kuma mutane sun yi imani cewa wani iska ne ke kawo ta, cewa iskan yana tsoron jan launi, kuma Tametomo ya taɓa korar sa daga tsibirin da ya zauna. Saboda haka idan yaro ya kamu, akan manna jajayen hotunan jarumai irin su Tametomo a kusa da shimfiɗarsa. Wannan ya nuna irin nauyin da hoton almara yake ɗauke da shi a bangon gida, a zamanin da rigakafin agana bai riga ya yaɗu a ƙasar ba.

Hokusai ya kuma san yadda ake jan hankalin taro. A 1804 a Edo, sannan a 1817 a birnin Nagoya, ya zana ƙaton hoton Daruma, malamin addinin Buddha da almara ta ce ya shekara tara yana zaune yana fuskantar bango. Hoton Nagoya ya kai kimanin mita 18 a tsawo, kuma da manyan burusai masu kama da tsintsiya aka zana shi a gaban jama'a.

5.0 Hokusai a Matsayin Malami

Yawan masu son koyo a wurinsa, har daga garuruwa masu nisa, ya sa ya koma wallafa littattafan koyar da zane. A 1812 ya fitar da wani ɗan littafi da ke nuna yadda ake gina surar mutum ko dabba daga da'ira da murabba'i. A 1814 aka buga juzu'i na farko na Hokusai Manga a Nagoya. Littafin ya kai juzu'i 15, na ƙarshensu ya fito a 1878, bayan rasuwarsa, kuma ya ƙunshi zane kusan 4,000. A cikinsa akwai manoma da masunta da 'yan kokawa, da tsuntsaye da kifaye da gine-gine, sannan ga abubuwan bauta da aljanu da dodanni, kamar tengu mai dogon hanci da ake cewa yana zaune a duwatsu, da kappa mazaunin koguna.

Abin lura a nan shi ne, da ido ɗaya yake kallon abin da ke kasuwa da abin da ke cikin almara. Dodonsa yana da gaɓoɓi da tsoka da nauyi kamar dabbar da aka gani da ido, domin ya gina shi ne daga nazarin maciji da kaguwa da tsuntsu na gaske. Masu sana'ar tukwane da saƙa da sassaƙa sun riƙa kwafar waɗannan zane-zane, ta haka surorinsa suka shiga gidaje a jikin kayan amfanin yau da kullum.

6.0 Dutsen Fuji da Fatalwowi

A shekarar 1820, da ya cika zagayen shekara 60 na kalandar ƙasarsa, ya ɗauki sunan Iitsu, wato komawa shekara ɗaya. Shekarun da suka biyo baya sun zo masa da wahala. Matarsa ta biyu ta rasu a 1828, wani jikansa kuma ya ci bashin da ya faɗo a kansa har ya talauce. 'Yarsa Oi, wadda ita ma gwanar zane ce, ta dawo gidansa bayan mutuwar aurenta, ta zauna tana aiki tare da shi har ƙarshen ransa.

A cikin wannan ƙunci ne, yana da kimanin shekara 70, ya fitar da jerin hotunan dutsen Fuji daga wurare 36, tsakanin 1830 da 1832. Karɓuwar da suka samu ta sa aka ƙara 10, suka zama 46. An yi amfani da wani sabon shuɗin launi da ake shigowa da shi daga waje, wanda ba ya saurin kodewa. A cikin jerin ne hoton babbar igiyar ruwa ta Kanagawa yake, inda jiragen masunta uku ke ƙarƙashin igiyar, dutsen kuma yana can nesa ɗan ƙarami. Fuji kansa wurin bauta ne a wurin Japanawa, kuma a Edo akwai ƙungiyoyin masu kai masa ziyarar ibada. Da Hokusai ya fitar da littafin hotuna ɗari na dutsen a 1834, da surar Konohanasakuya-hime ya buɗe shi, wato abar bautar da addinin Shinto yake dangantawa da dutsen.

A daidai wannan lokaci ya zana jerin Hyaku Monogatari, ma'ana labarai ɗari. Sunan ya samo asali ne daga wata hira ta dare, inda ake kunna fitilu ɗari, duk wanda ya ba da labarin ban tsoro sai ya kashe ɗaya, har ɗaki ya yi duhu. Hotuna biyar ne aka sani daga jerin. Ɗaya na Oiwa ne, matar da aka shayar da guba fuskarta ta lalace, mijinta ya ci amanarta, ta dawo tana bayyana a jikin fitilar takarda. Wani na Okiku ne, baiwar da aka jefa a rijiya saboda faranti ɗaya cikin goma na maigidanta, ta riƙa fitowa da dare tana ƙirga su. Hokusai ya mai da wuyanta jerin farantai da ke fitowa daga rijiyar. Akwai kuma Kohada Koheiji, ɗan wasan da matarsa da kwartonta suka kashe, ga ƙwarangwal ɗinsa yana leƙe ta saman gidan sauro. Duk labaran nan uku a kan zalunci suke da alhakin da ke bin azzalumi, kuma mai sayen hoton ya riga ya san labarin tun kafin ya kai shi gida.

7.0 Shekarun Tsufa

Daga 1834 ya fara sa hannu da sunan Gakyo Rojin Manji, wato tsoho mai haukar zane. A ƙarshen littafin Fuji na wannan shekara ya bayyana cewa bai ɗauki ayyukansa na kafin shekara 70 a bakin komai ba, kuma yana fatan kaiwa shekara 110 domin zanensa ya cika. Zamanin ya yi tsanani, domin yunwa ta addabi ƙasar tun daga 1833, kasuwar hotuna ta faɗi, sannan a 1839 gobara ta cinye gidansa da tarin zane-zanen da ya adana. An ruwaito cewa ya sauya gida sau 93 a rayuwarsa, kuma yawanci a ɗakunan haya marasa kyan gani ya zauna.

Bayan gobarar ya fi karkata ga zanen hannu, kuma almara ta mamaye aikinsa. Tsakanin 1842 da 1843 ya riƙa zana zakin almara na Sin guda ɗaya kowace safiya, a matsayin neman tsari daga sharri, kuma fiye da 200 daga cikinsu sun wanzu. A 1845 ya yi wa wurin bauta na Ushijima babban allo mai nuna Susanoo, abin bautar guguwa wanda Kojiki ya ce ya kashe maciji mai kai takwas, yana karɓar alkawari daga iskokin cututtuka cewa za su daina cutar da mutane. A 1846 ya zana Shoki da jan launi zalla. Shoki jarumi ne mai gemu da takobi wanda labarinsa ya fito daga Sin, inda aka ce ya bayyana ga wani sarki marar lafiya a mafarki ya kama aljanin da ke damunsa. Japanawa sukan rataye hotonsa a bikin yara maza na ranar 5 ga watan 5, jan kuwa saboda agana ne. Wannan zane yana gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York.

A waɗannan shekaru ne kuma wani attajiri mai suna Takai Kozan ya gayyace shi garin Obuse, tafiyar fiye da kilomita 200 daga Edo. A can ya zana rufin ciki na keken biki guda biyu: ɗaya da ryu, ƙaton macijin almara mai ƙafafu da ƙaho wanda ake dangantawa da ruwa, tare da tsuntsun almara ho-o, a 1844, ɗayan kuma da igiyoyin ruwa a 1845. Babban hoton ho-o da ke rufin ɗakin bauta na Ganshoin a garin, shi ma a kan tsarinsa aka yi shi.

A farkon 1849 ya zana ryu yana tashi sama cikin baƙin hayaƙi daga bayan dutsen Fuji, wanda yana cikin ayyukansa na ƙarshe. Ya rasu ranar 10 ga Mayu, 1849, yana da shekara 88, ko 90 a ƙidayar Japanawa ta wancan lokaci, wadda ke ba jariri shekara ɗaya tun ranar haihuwa, ta kuma ƙara masa ɗaya a kowace sabuwar shekara. An binne shi a Seikyoji da ke unguwar Asakusa.

8.0 Daga Bangon Edo zuwa Bangon Duniya

Shekara biyar bayan rasuwarsa, a 1854, Japan ta sa hannu a yarjejeniyar buɗe wasu tashoshinta ga jiragen Amurka, kuma ba da daɗewa ba hotunan bugu suka kwarara zuwa Turai. Baje kolin duniya da aka yi a birnin Paris a 1867 ya ƙara fito da fasahar Japan. Mai zanen Faransa Claude Monet ya jera hotunan Japan, har da na Hokusai, a bangon gidansa da ke Giverny. A 1896 marubuci Edmond de Goncourt ya wallafa littafi a kansa, a 1905 kuma aka sa igiyar Kanagawa a bangon littafin kiɗan La Mer na Claude Debussy.

A gida ma darajarsa ta ci gaba da hauhawa. Allon Susanoo ya ƙone a girgizar ƙasa ta 1923, amma an sake gina shi daga wani tsohon hoto marar launi, aka kafa shi a gidan tarihin Hokusai da aka buɗe a Sumida a 2016. A 2023 an sayar da bugu ɗaya na igiyar Kanagawa a kan fiye da dala miliyan 2.7 a New York, a 2024 kuma hoton ya hau bayan sabuwar takardar kuɗi ta yen 1,000. Da yake ayyukansa sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, kamfanoni suna buga kwafinsu a takarda da kyalle domin adon ɗaki a ƙasashe da dama.

Sai dai a wannan doguwar tafiya, sau da yawa hoton yakan isa ya bar labarinsa a baya. Mai saye zai rataye jan Shoki don launinsa ya dace da kujerun falo, bai san cewa irinsa iyaye suke ratayewa suna fargabar rasa ɗansu ba. Zai ga Okiku a matsayin abin al'ajabi kawai, alhali kuwa ƙarar baiwa ce a kan ubangidanta.

9.0 Kammalawa

An ga yadda Hokusai ya tashi daga yaron shagon littattafai ya zama masassaƙi, sannan mai zane, sannan malamin masu zane, ya kuma yi aiki na kimanin shekara 70 cikin talauci da bashi da gobara. An ga kuma cewa hotunan almara a gidajen Japan suna tunatar da labari, suna nuna lokacin biki, kuma a bisa imanin masu su suna ba da kariya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma tarihin waɗannan hotuna ya nuna cewa gani yana buƙatar ji kafin ya cika. Malamin da zai kafa hoto a bangon aji domin koyar da adabi, wajibi ne ya san labarin da ke bayansa, da al'ummar da ta haife shi, da dalilin da ya sa aka zana shi, sannan ya isar da su ga ɗalibansa tare da hoton.

10.0 Tambayoyi

1. Bayyana matakan da ake bi wajen samar da hoton bugu a Edo, tare da aikin kowane ɗaya daga cikin mutum huɗun da ke da hannu a ciki.
2. Wace dangantaka ce ke tsakanin cutar agana da hotunan Tametomo da Shoki?
3. Kawo labarai biyu daga jerin Hyaku Monogatari, ka fito da jigon da ya haɗa su.
4. Ta yaya littattafan koyar da zane na Hokusai suka taimaka wajen yaɗa surorin almara?
5. Tattauna abin da hoton almara yake rasawa idan aka raba shi da labarinsa, da abin da malami zai yi domin cike wannan giɓi a aji.